Tulu Mai Yoyo: Abin Da Binciken Masana Ya Nuna Game Da Zuba Jari A Ilimi Da Kasuwanci Da Aljihunmu

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Gabatarwa

Muna godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ga dacewar a ba tsohon malamin makaranta damar yin magana a kan zuba jari, alhali kuwa a cikin wannan zaure akwai ma'aikatan banki da 'yan kasuwa waɗanda suka fi mu sanin hanyoyin kuɗi nesa ba kusa ba. Mu abin da muka sani shi ne alli da allo da rajistar kiran suna. Sai dai tun da muka ajiye aiki mun sami sararin karanta wasu daga cikin binciken da masana tattalin arziki suka gudanar a jami'o'i, kuma mun ga akwai abin da ya kamata ya zo kunnen duk wanda yake fitar da kuɗi daga aljihunsa, ko don karatun ɗa, ko don jarin ƙane, ko don tanadin tsufa.

Yawancinmu idan aka kawo zancen jari, tambayar da take fara zuwa bakinmu ita ce, nawa ce ribar? Abin da muka fahimta daga aikin masanan shi ne akwai tambayar da ta kamata ta riga wannan, wato ta ina jarin yake zurarewa? Wanda yake ɗiban ruwa da tulu mai yoyo, ko rijiyar ta cika ta batse, zai isa gida da abin da bai kai na alwala ba. Za mu duba wannan yoyo a wurare uku: makaranta, kasuwa, da aljihun mutum.

Yadda Masana Suke Auna Riba

Kafin mu shiga, yana da kyau mu faɗi yadda ake samun alƙaluman da za mu ambata, domin kada a ɗauka shaci-faɗi ne. Manomin da yake son ya san amfanin wani sabon taki yakan raba gonarsa biyu, ya zuba a ɓangare ɗaya ya bar ɗayan, iri ɗaya, ruwa ɗaya, sa'annan ya gwada damman da kowane ɓangare ya ba shi. Haka masanan suke yi da mutane. Sukan tara waɗanda halinsu ya yi kama, a jefa ƙuri'a, wasu su sami tallafi wasu su rasa, sa'annan a yi ta bibiyar dukkansu shekara da shekaru. Tun da ƙuri'a ce ta raba su, bambancin da aka gani daga baya tallafin ne ya kawo shi. Saboda wannan hanya ce aka ba Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer kyautar Nobel ta tattalin arziki a shekarar 2019.

Jari A Makaranta

Masanin da ya fito da maganar cewa ilimi jari ne kamar gona ko injin niƙa shi ne Theodore Schultz na Jami'ar Chicago a Amurka, a wata maƙala da ya buga a 1961. Gary Becker ya faɗaɗa maganar a littafinsa na 1964. Tun daga lokacin ake ta auna wannan riba ƙasa-ƙasa. A 2018 George Psacharopoulos da Harry Patrinos suka tattara wa Bankin Duniya sakamakon bincike sama da 1,000 daga ƙasashe 139, suka ga cewa a matsakaici kowace shekara ɗaya da mutum ya ƙara a makaranta tana ƙara masa kusan kashi 9 cikin 100 na abin da yake samu, kuma wannan ƙari yana bin sa muddin yana aiki. Ke nan wanda ya yi shekara shida ta sakandare yakan ɗara wanda ya tsaya a firamare da fiye da rabi. Har ila yau sun gano cewa ribar karatun 'ya mace ta fi ta ɗa namiji.

Wani zai ce ai masu ƙwaƙwalwa ne suke daɗewa a makaranta, kuma ko ba makaranta za su yi arziki. Esther Duflo ta amsa wannan da labarin Indunusiya, inda gwamnati ta gina makarantun firamare sama da 61,000 tsakanin 1973 da 1978. Ta kwatanta yaran yankunan da suka sami makarantu da yawa da na yankunan da suka sami kaɗan, ta ga ribar shekarar karatu tana tsakanin kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Makarantar ce ta yi aikin.

To, ga inda gizo yake saƙa. Wata masaniya 'yar Nijeriya, Ruth Uwaifo Oyelere, ta yi irin wannan awo a ƙasarmu, ta buga sakamakon a 2010, ta ga cewa tsakanin 1997 da 1999 ribar shekarar karatu a Nijeriya ba ta kai kashi 3 cikin 100 ba. Mu da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya same mu muna kwalejin horon malamai, wannan adadi bai ba mu mamaki ba. Mun ga lokacin da yara suka yi ambaliya zuwa makarantu, aka rasa azuzuwa aka koma gindin bishiya, aka ɗauki malamai da gaggawa. Mun kuma ga shekarun da suka biyo baya, lokacin da albashin malami yake yin watanni bai zo ba, masana'antu suna rufewa, mai takardar shaida yana yawo da ita a leda. Zama a aji daban, koyo daban. Wani rahoto na haɗin gwiwar Bankin Duniya da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa a Afirka kudu da Sahara kusan yara 9 cikin 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi a shekara goma da haihuwa. Wannan shi ne yoyon tulun ilimi: ana biyan kuɗin makaranta, ana ɗinka yunifom, shekaru suna wucewa, yaro bai iya karatu ba.

Binciken ya kuma nuna wuraren da ɗan kuɗi yake yin babban aiki. A Kingston ta ƙasar Jamaika, a 1986 da 1987, ma'aikatan lafiya sun riƙa ziyartar gidajen ƙananan yaran da rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar da su, sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna koya wa iyaye mata yadda za su yi wa yaran hira da wasa da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin aka nemo yaran, aka tarar abin da suke samu ya ɗara na takwarorinsu da kashi 25 cikin 100. Masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A yammacin Kenya kuwa, Edward Miguel da Michael Kremer sun bi makarantun firamare 75 daga 1998, suka ga cewa maganin tsutsar ciki, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ya rage fashin makaranta da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A Gana, a 2008, an zaɓi matasa sama da 2,000 da suka ci jarrabawar shiga babbar sakandare amma rashin kuɗi ya tsayar da su, aka ba kusan kashi ɗaya cikin ukunsu tallafi ta hanyar ƙuri'a. Waɗanda suka samu sun fi kammala makaranta da tazara mai faɗi, kuma 'yan matan cikinsu sun fi wucewa zuwa manyan makarantu.

Idan muka dubi waɗannan misalai za mu ga babu katanga ko ƙofar makaranta mai ado a cikinsu. Gini yana da amfaninsa, amma mu ƙungiyoyin ci gaba mun fi karkata gare shi ne saboda shi ne ake iya ɗauka a hoto a manna masa allon suna. Malamin aji ɗaya da ya iya koyar da haɗa baƙi ba ya fitowa a hoto, alhali a hannunsa ribar take.

Jari A Kasuwa

Babu ɗayanmu da ke zaune a birni da ba a taɓa roƙonsa jari ba. Ƙane yana son buɗe shago, 'yar uwa tana son keken ɗinki. Wani lokaci mu bayar, bayan wata shida mu ji shiru. Mene ne masana suka gano?

A ƙasar Siri Lanka, daga 2005, Suresh de Mel da David McKenzie da Christopher Woodruff sun raba wa ƙananan masu sana'a kyautar kimanin dala 100 ko 200 ta hanyar ƙuri'a. Ribar da ta biyo baya ta kai kusan kashi 5 cikin 100 a kowane wata, wato sama da rabin jarin a shekara. Wannan ya tabbatar da cewa ƙaramar sana'a tana iya juya ɗan jari fiye da kowane banki. Amma a matsakaici ribar ta bayyana ne ga maza, ta mata kuwa kusan babu. Da wasu masana suka sake duba alƙaluman daga baya, sai suka ga sau da yawa kuɗin da aka ba mace yakan ƙare a sana'ar maigida. A Akara da Tema ta ƙasar Gana an sake gwajin da sidi 150, wasu aka ba su tsabar kuɗi, wasu aka raka su kasuwa aka saya musu kayan sana'a na daidai wannan kuɗi. Matan da sana'arsu ta ɗan kafu, waɗanda aka saya wa kaya, ribarsu ta ƙaru sosai. Waɗanda aka damƙa wa tsaba kuwa kuɗin ya narke a hidimar gida. Duk jari ɗaya ne. Bambancin shi ne buhun kaya ya fi wuyar gutsura a kan takardar kuɗi.

Wannan ya kawo mu ga zumunci, wanda ba mu da abin da ya fi shi. Masanin nan Christopher Udry ya zauna da manoma a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya a 1988 da 1989, ya ga yawancin bashi tsakanin dangi da maƙwabta ake yin sa, babu takarda babu jingina, kuma biyan yana bin halin da ake ciki: idan masifa ta sami wanda ya ci bashi sai a sassauta masa, idan ta sami mai bashin sai a biya shi da wuri har da ƙari. Ya nuna wa duniya cewa wannan inshora ce da talakawa suka gina da kansu. Kafin shi, Abner Cohen ya rubuta a 1969 yadda Hausawan Sabo a Ibadan suka riƙe cinikin shanu da goro a kan amana da bashi na baka. Ba mu zo mu ce a rushe wannan ba. Abin da muke cewa shi ne a yi wa zumunci nasa aljihu, a yi wa jari nasa, domin ɗan kasuwar da yake biyan kuɗin suna da na asibiti da na gudummawar biki daga cikin uwar kuɗi, shi da dangin duka za su wayi gari babu shago babu mai taimako.

An ma gwada wannan a aikace. A Jamhuriyar Dominika an koya wa wasu ƙananan 'yan kasuwa darasin akanta irin na littafi, wasu kuma aka koya musu ƙa'idoji masu sauƙi kawai: a raba kuɗin sana'a da na gida a ma'aji biyu, mai sana'a ya yanka wa kansa albashi, idan ya ranta daga sana'a ya rubuta ya mayar. Ƙa'idojin nan masu sauƙi ne suka fi gyara yadda mutane suke tafiyar da kuɗinsu, musamman masu ƙarancin karatu.

Game da bashin ƙananan bankuna, wanda aka yi ta yayatawa bayan Muhammad Yunus na Bangladesh ya sami kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2006, an buga sakamakon gwaje-gwaje shida a 2015, daga Indiya da Habasha da Maroko da Meziko da Mongoliya da Bosniya. Sun nuna bashin yana taimako daidai gwargwado, amma bai fitar da yawancin masu cin sa daga talauci ba. A gida Nijeriya kuwa, shirin YouWiN na 2011 ya ba matasa 1,200 da suka ci gasar tsarin kasuwanci tallafin da ya kai kimanin dala 50,000 kowanne a matsakaici, kuma an riƙa sakin kuɗin kashi-kashi. McKenzie ya bi su shekaru, ya ga sun fi takwarorinsu ɗorewa, sun kuma fi su ɗaukar ma'aikata. Darasin da ke nan ga ƙungiya irin tamu shi ne a tantance mai karɓa, a saki jari daki-daki, a kuma koma a duba.

Jari A Aljihun Mutum

Yoyo na farko a aljihu shi ne hauhawar farashi. A watan Disamba na 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar ta kai kashi 34.8 cikin 100. Ma'anar wannan ita ce naira 100,000 da aka ɓoye a ƙarƙashin katifa shekara guda kafin nan, abin da za ta iya saye ya koma na kimanin naira 74,000. Babu ɓarawon da ya shigo, amma an yi asarar fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Mu 'yan fansho mun fi kowa sanin zafin wannan.

Yoyo na biyu shi ne tara komai a wuri ɗaya. Harry Markowitz ya nuna da lissafi tun 1952 cewa rarraba jari a wuraren da ba sa faɗuwa tare yana rage haɗari ba tare da ya cinye riba ba. Manominmu da yake haɗa gero da wake a gona ɗaya, ya kuma ajiye akuya a gida, ya riga shi sanin haka. Da yawa cikinmu sun manta da wannan a 2007, lokacin da kowa ya rungumi hannun jarin bankuna, wasu har da bashin banki. Ma'aunin kasuwar hannun jari ta Nijeriya ya haura 66,000 a watan Maris na 2008, kafin shekara ta zagayo ya faɗo zuwa wajen 20,000. Waɗanda suka sayar da fili ko suka zuba garatutinsu duka a ciki har yau ba su manta ba.

Yoyo na uku shi ne gaggawa. A Amurka, Brad Barber da Terrance Odean sun duba asusun gidaje sama da 66,000 daga 1991 zuwa 1996. Waɗanda suka fi yawan saye da sayarwa sun sami kashi 11.4 cikin 100 a shekara, alhali kasuwar kanta ta ba da kashi 17.9. Zafin nema ne ya rage musu samu. Mafi muni a irin wannan gaggawa su ne masu alkawarin ninka kuɗi. Shirin MMM ya yi alkawarin kashi 30 cikin 100 a wata, ya kulle asusun mutane a Disamba 2016. Mu yi lissafin aji shida: kashi 30 a wata, idan aka bar shi yana hawa kan kansa, yana mayar da naira 100,000 ta zama sama da naira miliyan 2 a shekara guda. Wace gona ce, wace masana'anta ce take haihuwa haka? Kuɗin sababbin shiga ne ake biyan tsofaffi da shi, ranar da sababbi suka ƙare kuwa sai a ja ƙofa. Duk da haka a Afrilu 2025 CBEX ta sake tafiya da dukiyar jama'a ta wayar hannu. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Maganin ba shi da tsada. A Kenya, Pascaline Dupas da Jonathan Robinson sun ba mutane ɗan akwatin ƙarfe mai makulli domin tanadin lafiya kawai, sai abin da suke kashewa a kan rigakafin cuta ya ƙaru da kusan kashi biyu cikin uku. Akwatin bai ba da riba ko kwabo ba. Ya dai ba kuɗin suna, ya kuma ba mai shi hujjar cewa wannan na magani ne. Asusun ƙasa da iyayenmu mata suke ajiyewa da adashin da suke zubawa hikimarsu ke nan. Wanda yake guje wa kuɗin ruwa kuma yana da mafita, domin tun 2017 Gwamnatin Tarayya ta fara sayar da takardun sukuk, na farkon na naira biliyan 100 don gina hanyoyi.

Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata muna ba da waɗannan shawarwari. Na farko, kafin ƙungiya ta ƙara ɗora bulo a wata makaranta, a tura malamai masu ritaya su gwada yaran aji uku da ɗan gajeren labari na Hausa da lissafin tarawa da ɗebewa, a kawo wa taro sakamakon, a kuma maimaita kowace shekara. Na biyu, a ware kaso na asusun ilimi don littattafan karatu da ƙarfafa malaman ƙananan azuzuwa, da kuma tallafa wa yaran da suka ci jarrabawa kuɗi ya tsayar da su, musamman 'ya'ya mata. Na uku, duk mai ba ɗan uwa jari ya ba da kaya maimakon tsaba, ya bayar kashi-kashi, ya kuma nemi ganin littafin ciniki. Na huɗu, kowannenmu ya yanke abin da zai iya ba zumunci a wata, ya bayar da zuciya ɗaya, ya bar uwar kuɗi ta huta. Na biyar, kada a zuba kuɗin ƙungiya ko na gida a wurin da ba shi da rajista da hukumar SEC mai kula da hada-hadar hannun jari ko Babban Bankin Nijeriya, kuma duk wanda ya yi mana alkawarin ribar da ta wuce hankali mu tambaye shi abin da yake sayarwa da wanda yake saye.

Kammalawa

'Yan uwa, kuɗin da muke aikowa gida daga birane gumi ne, kuma ba kaɗan ba ne idan aka tara. Masanan da muka ambata sun tabbatar mana cewa riba tana nan a makaranta da kasuwa da tanadi, sai dai a hankali take zuwa, kuma wanda ya toshe yoyo ne yake kai ta gida. Sannu ba ta hana zuwa. Muna roƙon kwamitin ilimi ya fara da gwajin karatun yaran aji uku kafin taro mai zuwa, mu kuma tsofaffin malamai a shirye muke mu ɗauki alli idan aka kira mu.

Allah ya yi wa dukiyarmu da 'ya'yanmu albarka, ya mayar da kowa gidansa lafiya.